Sun ce in amince kada a farfaɗo da Baba idan zuciyarsa ta tsaya, ina neman shawara

Maman_Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda ke zaune a Ingila ko masu aiki a gidajen kula da tsofaffi ku taimaka min, kaina ya kulle. Mahaifinmu ne, ya haura tamanin, tun ƙarshen shekarun 1970 da ya zo karatu yake nan, mamanmu ta riga mu gidan gaskiya. Ciwon mantuwa ne ya kama shi, mun riƙe shi a gida iya ƙarfinmu ni da ƙanena har ta kai yana buɗe ƙofa da tsakar dare cikin sanyin nan ba takalmi wai zai tafi masallacin unguwarsu a Kano, 'yan sanda ne suka taɓa dawo mana da shi, ga yara ga aikin dare, dole muka kai shi gidan kula da tsofaffi nan kusa da mu a Manchester. Don Allah kada wanda ya fara min wa'azi a kan wannan, na sha shi a waya daga gida har na ƙoshi.

To yanzu jiki ya yi nisa. Abinci sai cokali biyu uku ya kau da kai, ruwa ma ƙwarewa yake yi, nimoniya ta kwantar da shi asibiti an sallamo shi ta sake dawowa. Jiya manajar gidan da likitansa suka zaunar da ni suka kawo maganar wata takarda wai DNACPR, cewa idan zuciyarsa ta tsaya ba za a danna masa ƙirji a farfaɗo da shi ba, kuma suna ganin gara a daina kai shi asibiti a kula da shi a nan, sannan za su ajiye wasu allurai a gidan har da morfin saboda ko ta kwana. Ni dai ji na yi kamar ce min ake yi in sa hannu a bar ubana ya mutu. Shin ya halatta? Morfin ɗin nan ba shi ne ke ƙarasa mutum ba? Kuma idan ta Allah ta kasance a can, ya ake yi a samu a binne shi da wuri ba a ajiye shi a firij mako guda ba?

Dan_Kurmi

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar uwa kin ce kar a yi wa'azi to ba zan yi ba, amma gaskiya ɗaya ce, ku sa shi a jirgi ku dawo da shi gida. A nan ko ba komai ɗakin ba zai rabu da mutane ba, wannan ya shigo wannan ya fita, mai karatu na yi, mai fifita na yi, in lokaci ya yi a laƙƙana masa kalmar shahada, kafin la'asar an kai shi makwancinsa cikin danginsa. Kada ki sa hannu a takardar kowa. Rai na Allah ne, su waye su da za su ce kar a taimaki mutum? Mun ji labarin abin da aka yi wa tsofaffi a gidajen nan lokacin korona.

Nas_Hauwa_Bham

Maman Ilham sannu, Allah ya dafa miki. Ni nas ce a Birmingham, aikina kenan zagaya gidajen nan ina duba marasa lafiyan da suka kusa, bari in warware miki abin da zan iya.

Da farko ba ke za ki sa hannu ba, ki sauke wannan nauyin daga kanki. A dokar Ingila likita ne ke yanke hukuncin DNACPR kuma shi ke sa hannu, abin da doka ta wajabta masa shi ne ya yi shawara da mara lafiya, in ba ya cikin hayyacinsa kamar Baba sai a zauna da iyali a ji me shi zai so da yana iya magana. Tun shari'ar wata mara lafiya mai suna Tracey a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a saka takardar nan a fayil ɗin mutum a ɓoye. In ba ki gamsu ba kina da damar cewa a kawo wani likitan ya sake dubawa, ba rashin kunya ba ne, kullum ana yi.

Sannan takardar abu ɗaya tak ta hana, danna ƙirji da jona wutar nan idan zuciya ta riga ta tsaya. Ba ta hana maganin nimoniya ba, ba ta hana iskar oksijin ba, ba ta hana abinci ko ruwa ko ma kai shi asibiti in ya faɗi ya karye. Mutane fim suke gani, a danna sau uku mutum ya yi tari ya buɗe ido. A zahiri ƙarfi ake sawa sosai, ga tsoho mai ƙashi ba ƙwari haƙarƙari karyewa yake, na sha jin ƙarar a ƙarƙashin hannuna kuma ba abu ne da nake son tunawa ba. Wanda zuciyarsa ta tsaya saboda duk jikin ne ya gaji, da wuya ƙwarai ta dawo, in ma ta dawo sai ya ƙare a kan inji a asibiti kwana ɗaya biyu. In babu takardar kuma, ma'aikatan gidan dole su kira lambar gaggawa ta 999 su kwantar da shi a ƙasa su fara dannawa, ke kuma a ce ki matsa gefe, a daidai lokacin da ya kamata a ce bakinki na kusa da kunnensa.

Abin da Dan Kurmi ya faɗa na korona ba ƙarya ba ne, an samu wuraren da aka riƙa rubuta wa tsofaffi takardar nan a jimlace ba tare da an tambayi kowa ba, hukumar CQC mai sa ido kan gidajen ta yi bincike ta fitar da rahoto a Maris 2021 ta ce hakan ba daidai ba ne. Kafin nan ma akwai tsarin kula da masu gab da rasuwa mai suna Liverpool Care Pathway da aka soke bayan binciken 2013 saboda koke-koken iyalai, musamman kan hana ruwa da rashin yi musu bayani. Don haka tsoronku yana da tushe. Amma ke zaunar da ke aka yi aka yi miki bayani, wannan shi ne yadda ya kamata.

Maganar daina kai shi asibiti daban ce da waccan, kar ki bari a haɗe miki su. Ki nemi a cika masa takardar ReSPECT in yankinku na amfani da ita, a nan ake rubuta dalla-dalla, misali a ba shi maganin ƙwayoyin cuta ta baki a gidan, amma in ya karye ko wani abu da za a iya gyarawa a kai shi. Ni a ganina mai ciwon mantuwa da ya kai wannan matakin asibiti wahala ce gare shi, ya kwana a kan gadon turawa a koridon gaggawa, fitila a ido, baƙin fuskoki, yana fizge robar hannu ana riƙe shi. Kuma nimoniyar za ta yi ta dawowa ne don maƙogwaron ya manta yadda ake haɗiya, abinci na zamewa cikin huhu. Wani zai ce a sa masa robar abinci ta ciki, to ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ba ta goyon bayan haka ga mai ciwon mantuwa da ya yi nisa, don ba ta hana ƙwarewar kuma ba a ga tana ƙara kwana ba. Ki ci gaba da ba shi da hannunki, kunu mai kauri, ɗan abin da yake so, in ya kau da kai ki ƙyale shi. Ba yunwa ce ke kashe shi ba, jikin ne ya daina nema.

Allurai kuma yawanci kala huɗu ne, morfin na ciwo da sarƙewar numfashi, midazolam na firgita da fizge-fizge, ɗaya na amai, ɗaya na rage majinar da ke sa gargarar nan a maƙogwaro. Ajiye su ake yi a kulle don kar abu ya taso ƙarfe biyun daren Asabar a rasa kantin magani. Wasu har su rasu ba a buɗe kwalin ba. Ɗan abin da ake farawa da shi kaɗan ne, ana ƙarawa ne gwargwadon ciwo, a haka ba ya kashe mutum. Abin da ke sa mutane zargi shi ne ana fara shi ne lokacin da mutum ya riga ya kusa, sai a ce allurar ce. Ki gaya musu ƙarara cewa kuna son ya kasance a farke iya yadda zai yiwu saboda kalmar shahada, a rubuta, muna jin wannan daga iyalan Musulmi kullum kuma ana iya daidaita maganin.

Ummu_Sudais

Ni ba nas ba ce, mai kula ce, ina cikin waɗanda suka zo da bizar aikin kula da tsofaffi bayan an buɗe ta a 2022, aikin dare nake yi a wani gida a Leeds. Anti duk abin da Nas Hauwa ta faɗa haka yake amma bari in gaya miki na cikin gida wanda manaja ba za ta faɗa ba.

Da daddare mu kaɗan ne. Hawa guda mutum biyu, wani lokacin ɗayar ma daga ejansi aka turo ta ba ta san sunan kowa ba, ƙararrawa na ta kuka ɗaki uku a lokaci guda. Ba mugunta ba ce, hannu ne bai isa ba. To in kina son kar Baba ya cika shi kaɗai, kada ki dogara da cewa wani zai zauna a gefensa, ku tsara kwana a tsakaninku ke da ƙaninki da duk wanda za ku samu daga masallaci. In mutum ya kai ƙarshe ba a hana iyali kwana, ki nemi kujerar nan mai kwantawa. Kuma ki sa a rubuta a fayil ɗinsa da manyan baƙi cewa a kira ki ko ƙarfe nawa ne, don wasu iyalan Turawa cewa suke kar a tashe su sai da safe, sabuwar ma'aikaciya sai ta ɗauka kowa haka ne.

Ki rubuta takarda guda da Turanci mai sauƙi ki manna a jikin ƙofar kwabarsa. Namiji ya yi masa wanka da canjin kaya in akwai, a rufe masa al'aura ko da yaushe, ba naman alade ba jelatin a kayan zaƙi, in ya cika a rufe masa ido a miƙe ƙafafu a lulluɓe shi da farin zani a bar shi, kar a wanke shi kar a aske masa gemu. Wannan na gemun da gaske nake, a al'adarsu gyara gawa girmamawa ce, na taɓa shiga ɗaki na tarar abokiyar aikina ta haɗa kumfa da reza za ta yi wa wani dattijo ɗan Pakistan gyaran fuska da kyakkyawar niyya, da ƙyar na tare ta. Sannan gidaje da yawa suna da kamfanin jana'izar da suka saba kira, in ba ki ba su lambar na Musulmi ba kafin ki iso an ɗauke shi.

Gadon ma ki ce a juya shi. Daga Ingila alƙibla kudu maso gabas take, ki duba a waya, gadajen masu taya ne minti biyu an gama. Ki kawo ƙaramar sifika ki sa masa karatu ƙasa-ƙasa. Masu ciwon mantuwa abin mamaki ne, akwai wata tsohuwa 'yar Somaliya da ba ta gane 'ya'yanta ba amma in aka sa Fatiha leɓenta na bi. Kuma ki yi masa Hausa, ki bar Turancin, da yawa in ciwon ya yi nisa harshen farko suke komawa.

Alamomin da za ki lura da su, barci zai yi yawa, fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙafafu su yi sanyi su canza kala, numfashi ya riƙa yi yana tsayawa kamar ya tafi sai ya dawo. Gargarar nan ta fi damun mai ji fiye da mai yi, a juya shi gefe kawai. Lokacin ba a ɗura ruwa, sai dai ki jiƙa auduga ko da zamzam ne ki shafa masa a leɓe da cikin baki.

Malam_Abu_Hafsa

Allah ya ba shi sauƙi. A taƙaice 'yar uwa, malamai sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ba da fatawa a 1409 bayan Hijira cewa idan likitoci uku ƙwararru amintattu suka tabbatar farfaɗowar ba za ta yi amfani ba, babu laifi a bar ta. Barin maganin da ba ya amfani daban, yi wa mutum abin da zai kashe shi da gangan daban, na biyun ne haramun ko da shi ya roƙa. Tunda kina da damar neman wani likita ya duba, ki nema don zuciyarki ta natsu. Maganin rage ciwo kuma ya halatta ko da zai sa barci, matuƙar nufin sauƙaƙa masa ne.

Annabi SAW ya ce a laƙƙana wa masu mutuwarmu La'ilaha illallah, hadisin na Muslim ne. Amma a hankali ake yi, ki riƙa faɗa kusa da shi yana ji, ba a ce masa "ka ce, ka ce" ana takura shi. In ya faɗa sau ɗaya a yi shiru sai in ya yi wata magana. In kuma bai iya faɗa ba saboda hankali ya gushe kada shaiɗan ya sa miki waswasi, an ɗauke alƙalami daga wanda ba ya cikin hankalinsa, yana kan abin da ya rayu a kai.

Dan Kurmi, niyyarka mai kyau ce amma ba na tare da kai. Mutumin da ruwa ke ƙware shi ba za a ɗora shi a jirgin sama da sa'a shida zuwa Abuja ba sannan a kama hanyar Kano, kamfanin jirgin ma sai likita ya ba da takardar cewa zai iya tafiya. Sunna ita ce a binne mutum a inda ya rasu a gaggauta, ƙasar Manchester ma ta Allah ce.

Dan_Kurmi

Malam na ji, na kuma karɓi fatawar. Amma ni dai har ga Allah zuciyata ba ta kwanta da mutum ya cika a hannun baƙi ba. In ba za a iya kawo shi Kano ba, me zai hana ta mayar da shi gidanta na 'yan kwanakin da suka rage?

Alhaji_Sale_Jana'iza

Ina cikin masu wankan gawa a masallacinmu a Landan, ga amsar tambayarki ta ƙarshe. Jinkiri daga takarda yake zuwa ba daga maƙabarta ba. Tun 9 ga Satumba 2024 a Ingila da Wales duk mutuwar da ba ta je gaban jami'in binciken mutuwa ba sai wani likita na daban mai tantancewa ya duba abin da likitan mamaci ya rubuta, zai kira ki ma ya tambaye ki ko kina da ƙorafi, daga nan a tura wa ofishin rajista, ki je ki yi rajista su ba ki koriyar takardar izinin binnewa. Ofisoshin nan sun san Musulmi da Yahudawa na gaggawa, wurare da yawa suna da tsarin ƙarshen mako, amma sai kin faɗa tun yanzu. Ki sa likitan unguwa ya zo ya gan shi kwanan nan ya rubuta cewa ana sa ran rasuwarsa, ki tambaya wa zai rubuta takarda in abin ya faɗo Juma'a da yamma. Wanda aka san yana kan hanya kuma yana da takardun nan a fayil, nas ce kawai za ta zo ta tabbatar. Wanda ba a rubuta komai ba aka kira 999, shi ne za ki ga har 'yan sanda sun zo, magana ta tafi wajen jami'in bincike, wani lokacin har a ce sai an buɗe gawa. Faɗuwa ko karaya kusa da rasuwa ma na iya jawo haka.

Ki je masallacin da kuka saba tun yau ki karɓi lambar mai jana'izarsu, ki tambayi kuɗin kabari don ya bambanta daga ƙaramar hukuma zuwa wata, kuma wanda ba mazaunin yankin ba ya fi biya. Masu cewa a kai gawa gida su sani sai an nemi izinin fitar da ita daga ƙasar, a yi mata allurar hana ruɓewa, a rufe a akwati na musamman, kwanaki ne da kuɗi masu yawa.

Maman_Ilham

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, wallahi jiya ne na fara barcin kirki. Na kira likitan na ce ina son wani ya sake dubawa bai ko ja ba, an sa mana ranar Talata. Ummu Sudais na rubuta takardar na manna, gadon ma mun juya, da na ce masa "Baba ga gabas nan" sai ya ɗaga hannu kamar zai yi kabbara. Yayarsa da ke Kano ce dai har yanzu ba ta ɗaukar wayata, ƙanena zai gwada ta wajen ɗanta.

Nas Hauwa, maganar Dan Kurmi ta tsaya min a rai. Zai yiwu in dawo da shi gidana? Kuma kuɗin fa, don yanzu fanshonsa kusan duka gidan ke cinyewa.

Nas_Hauwa_Bham

Zai yiwu, ana yi. Ranar Talatar ki ce a cika masa takardar Fast Track ta NHS Continuing Healthcare, an yi ta ne don wanda jikinsa ke saurin sauka kuma ana ganin ya kusa, likita ko nas ke cikawa. In aka amince NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ita ce ke ɗaukar kuɗin kulawar gaba ɗaya ba ruwansu da abin da ya mallaka, ba kamar na ƙaramar hukuma ba da in dukiyar mutum ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Kuma tana aiki ko yana gidan tsofaffin ko yana gidanki. In gida ne za a kawo gadon asibiti da katifar iska, masu kula su riƙa zuwa yawanci har sau huɗu a rana, mu nas-nas na unguwa mu zo don allura, wani daren a samu nas ta ƙungiyar agaji ta Marie Curie ta kwana in akwai.

Amma ki kula da "in akwai" ɗin nan. Tsakanin zuwa da zuwa ke ce, juya shi, canza shi, ƙarfe uku na dare yana fizge-fizge kina jiran mu iso ga yara a ɗaki na gaba. Sannan canjin wuri kansa na rikita mai ciwon mantuwa, ɗakin da yake yanzu shi ya sani. Ki tambayi kanki mutum nawa za su kwana da ke da gaske, ba masu cewa "in sha Allahu za mu leƙo" ba. In kun kai uku huɗu masu ƙarfi kuma akwai ɗaki a ƙasa ba sai an hau bene ba, ki gwada. In ke da ƙaninki ne kawai ni dai da zan bar shi inda yake in kwaso tabarmata in tare a can. Ki tambayi manajar ko suna da nas a gidan da daddare ko sai an kira daga waje, amsar za ta taimaka miki wajen yanke shawara, ki zo ki gaya mana abin da suka ce.